«Na Farko»: Labarin Mahaman Usman, In An Hango Shi Daga Dungas

Labarin Alhaji Mahaman Usman labari ne mai baki biyu, kuma kowane baki da harshensa. A rubuce-rubucen Faransanci, na jaridun Yamai da na manazarta, kalmar da ta fi bin sunansa ita ce «fief», wato gandun gado na siyasa, sai kuma ƴar'uwarta «régionalisme», ɓangaranci ke nan. A bakin Hausa kuwa, a tasha da kasuwa da majalisar ƙofar gida, laƙabi ɗaya ya wadatar: Na Farko. Kowanne daga cikin sunayen nan biyu yana ɗauke da hukunci a kan rayuwar mutumin, kuma kowannensu ya yanke hukuncin ne tun kafin a gama sauraron shaidu.

Abin da babu gardama a kansa gajere ne. An haife shi a Damagaram a 1950, ya yi karatun ƙididdiga da tattalin arziki a Faransa da Kanada, ya dawo ya yi aikin gwamnati. A 1991 ya jagoranci kafa jam'iyyar CDS-Rahama. A zagayen farko na zaɓen 1993 Tanja Mamadu na MNSD-Nasara ne ya zo kan gaba, amma ƙawancen AFC ya taru a bayan Mahaman Usman, ya ci zagaye na biyu a watan Maris da kashi 54 cikin 100. Ya hau mulki a watan Afrilu yana da shekara 43, shi ne shugaban Nijar na farko da ya fito daga zaɓen jam'iyyu da yawa. Ranar 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da shi.

Masu rubutun Faransanci sukan fara labarin daga AMACA, ƙungiyar raya al'adu da fasaha wadda manazarta suka ce daga cikinta CDS ta tsiro, su ajiye ta gefe guda da takwararta ta ƴan bokon yamma, sannan su ce ga asalin ɓangaranci. Akwai gaskiya a ciki, amma an taƙaita ta ƙwarai. A zamanin mulkin soja da na jam'iyya ɗaya, ƙungiyar al'adu na cikin ƴan inuwoyin da ɗan boko zai iya zama da ƴan'uwansa ya yi maganar garinsu ba tare da an kira shi ofishin ƴan sanda ba. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar wasan kwaikwayo ko ta raya harshe ya san yadda zancen al'ada yake gangarawa ya koma zancen hanya da asibiti da wanda aka naɗa a wane muƙami. Kuma koken Damagaram ba AMACA ce ta ƙirƙiro shi ba: tun 1926, lokacin da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin mulki daga Zinder suka kai Yamai, gabas take ganin ita ke noma gyaɗa, wasu ke riƙe da alƙalami. Rubutun da ya kira wannan ɓangaranci kawai, ya rufe littafi, ya bar mai karatu da suna babu dalili.

Sai dai babban raunin kalmar «fief» yana fitowa ne in an tsaya a Dungas aka duba. Kalmar tana ɗaukar jahar Damagaram tamkar gona ɗaya mai ubangida ɗaya. To amma Dungas tana cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki, tare da Wacha da Miriya, waɗanda suke da sarautarsu tun kafin ƙarfin Damagaram ya rufe su a ƙarni na 19. Magarya kuwa tarihin sarautarta ya fi jingina da Daura. Mutumin Dungas yana cin kasuwar Maigatari, naira ba baƙuwa ba ce a aljihunsa, kuma a idonsa birnin Zinder ma wata Yamai ce ƙarama, inda ake yanke shawara a aiko masa. Littafin André Salifou na 1971 a kan daular Damagaram ya isa ya nuna wa duk mai son sani cewa ƙasar taruwar garuruwa ce da aka haɗa, wasu da yaƙi, wasu da biyan haraji. Saboda haka ƙuri'ar da ƙauyukan kudu suka riƙa ba Mahaman Usman shekara da shekaru abu ne da ke neman bayani, ba gadon da ya tarar a ɗaki ba. Me talakan Dungas ya gani a jikin masanin ƙididdiga ɗan birni? Wannan tambaya ce da rubutun Faransanci bai cika tsayawa a kanta ba, domin kalmar «fief» ta riga ta amsa ta da arha.

Bakin Hausa ma yana da nasa laifi, kuma a nan ya kamata malamai su fi sa ido, tunda shi yara suke ji a gida. Na Farko laƙabi ne mai daɗi, gaskiya ne kuma, amma ya tsayar da agogo a ranar rantsuwa. Shekara biyu da wata tara da suka biyo baya ba su da wuri a cikinsa. A cikinsu ne aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994. A cikinsu ne albashi ya riƙa makara wata da watanni, ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana yajin aiki, ƴan makaranta suna kan titi. Tsofaffin malaman da suka koyar a ƙauyukan Magarya a lokacin ba sa bukatar littafi ya tuna musu. A Satumban 1994 firaminista Mahamadu Isufu ya yi murabus, jam'iyyarsa ta fice daga ƙawance, shugaba ya rushe majalisa, zaɓen Janairun 1995 kuma ya ba abokan hamayya rinjaye. Daga nan aka shiga zaman doya da manja da firaminista Hama Amadu, ana jayayya a kan naɗe-naɗe da kuma wanda ke da ikon kiran taron ministoci, har aikin gwamnati ya kusa tsayawa, sojoji suka sami hujja. Mai ba da labari a majalisa yakan ce an yi masa taron dangi ne, ba a bar shi ya yi aiki ba. Tsarin mulkin 1992, wanda ya raba iko tsakanin shugaba da firaminista ba tare da ya fayyace iyaka ba, yana da kaso cikin laifin, haka ma abokan hamayyar. Amma mutumin da ƙawance ya ɗora, ƙawancen ya watse a hannunsa cikin wata 17, ba za a wanke shi fes ba don kawai ana ƙaunarsa.

Abin mamaki, dukkan bakunan biyu sukan yi saurin wuce aikin da ya fi nauyi a zamaninsa, wato yarjejeniyar zaman lafiya da ƴan tawayen Abzinawa ta 24 ga Afrilun 1995, ranar da ta zama ta bikin haɗin kan ƙasa. Ba ta shiga labarin ɓangaranci, ba ta kuma shiga labarin wanda aka zalunta, shi ya sa ta zama marainiya.

Haka nan shekaru goma da ya yi yana shugabancin majalisar dokoki, daga ƙarshen 1999 zuwa 2009, sun fi shekarun fadar shugaban ƙasa tsawo nesa ba kusa ba, amma ba su da laƙabi. A nan ne ma abin da ya taɓa Dungas kai tsaye ya faru: dokokin 2002 da suka kafa ƙananan hukumomi, da zaɓen 2004 da ya ba garuruwa irinta magajin gari da majalisa. Ya shugabanci majalisar CEDEAO daga 2006. A 2009, bayan shekaru yana tare da Tanja, ya ƙi tazarce a fili, majalisar da yake shugabanta kuma aka rushe ta a watan Mayu. Wanda zai auna mutumin da adalci, a wannan shekarar zai fi daɗewa. Gaskiya ne kuma cewa manyan abubuwan da jahar take nunawa da yatsa a hannun wasu suka zo: matatar mai ta SORAZ an aza tubalinta a zamanin Tanja, ta fara aiki a 2011, a shekarar da aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta, lokacin Isufu yana mulki. Ba a cika jin wannan lissafi a bakin masoya ba.

Ƙarshen tafiyar ya ƙara rikita masu «fief». Ya rasa CDS a rikicin cikin gida da ɓangaren Abdu Labo, ya tsaya a 2016 da tutar MNRD-Hankuri, aka ɗauka ta ƙare masa. Sai ga shi a Fabrairun 2021, da tutar RDR-Canji, a zagaye na biyu da Bazum Muhammad, wanda shi ma daga mazaɓar Tesker ta jahar Damagaram ya sha shiga majalisa. Sakamakon hukuma ya ba shi kashi 44 cikin 100, ya ƙi amincewa da shi. Birnin Yamai, wanda aka ce shi ne kishiyar Damagaram, ya zuba masa ƙuri'a, saboda goyon bayan Hama Amadu, mutumin da suka hana juna barci a 1995. Ɗan ɓangare da ya ci babban birni, ya kara da ɗan jaharsu, da taimakon tsohon abokin gabarsa: kalma ɗaya ba ta ɗaukar wannan kaya.

Sunayen jam'iyyun da ya bi ma abin nazari ne ga malamin Hausa. Haruffan gaba na Faransanci ne, don takardar hukuma. Kalmar baya ta Hausa ce, don kunnen mai ƙuri'a: Rahama, Hankuri, Canji. Ɗan Dungas bai taɓa zaɓar haruffa ba, kalmar yake zaɓa, kuma jerin ukun kusan tarihin mutumin ne a taƙaice. Tun da hukumomin soja suka rushe jam'iyyun siyasa a 2025, kalmomin sun koma hannun masu harshen, shaidun zamanin kuma suna ta raguwa. Har yanzu manoman da suka yi layi a 1993 da malaman da suka riƙe rumfunan zaɓe suna nan a Dungas da Magarya da ƙauyukansu, kuma amsar tambayar da jaridun Yamai suka tsallake tana bakinsu, da Hausa.