Iyaka da Takunkumi: Sake Duban Jigon Turmin Danya

1.0 Gabatarwa

Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina yana cikin ƙagaggun labaran da suka yi nasara a gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya, aka buga su a 1982. Manazarta sun daɗe da amincewa cewa jigonsa fasa-ƙwauri ne da cin hanci, kuma Alhaji Gabatari misali ne na attajirin da dukiyarsa ta fi ƙarfin doka. Wannan maƙala ta yarda da haka. Abin da za ta duba shi ne matsayin ita iyakar da ake ƙetarewa, bisa la'akari da abubuwan da suka faru bayan fitowar littafin.

2.0 Iyaka a Labari da Iyaka a Tarihi

Marubucin ya ɗauki iyaka a matsayin doka, wanda ya ƙetare ta da kaya kuma mai laifi ne. Dangane da irin su Gabatari, hukuncin ya yi daidai. Sai dai iyakar Nijeriya da Nijar yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata ta, suka raba Katsina da Maraɗi, alhali har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi.

Shekara biyu da buga littafin, a Afrilun 1984, gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa har zuwa 1986. Rufewar ta haɗu da fari, mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. A irin wannan hali, mai jakin da ya bi ta daji da buhun gero, shi ma ɗan fasa-ƙwauri ne a idon doka. Shin za a auna shi da mudun da aka auna Gabatari? Tsarin labarin bai tanadi amsar wannan tambaya ba.

3.0 Yadda Ake Karya Takunkumi

A Turai, lokacin da Tarayyar Sobiyat ta toshe hanyoyin Balin ta Yamma daga Yunin 1948 zuwa Mayun 1949, Amurka da Ingila sun yi jigilar abinci da gawayi sama da tan miliyan 2 ta jiragen sama. Marubutansu sun sami gwarazansu a cikin matuƙa jirgi.

Mu kuwa, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarki. Kasuwar Jibiya ta ji jiki kamar yadda ta Maraɗi ta ji. A watan Agusta malamai ƙarƙashin Shaihu Bala Lau suka gana da Janar Tchiani a Yamai. Janar Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1975, ya yi roƙo, aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024. Saɓanin aƙida tsakanin gwamnatoci bai kau ba, domin Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Abin da ya tsira shi ne zumunci, wanda Bahaushe ya ce a ƙafa yake.

4.0 Kammalawa

Turmin Danya ya cancanci yabo wajen tona asirin azzalumin da ke cin moriyar iyaka. Giɓinsa shi ne talakan da iyakar ke ci. Direban da motarsa ta yi watanni a bakin shinge, da matar da aka raba da gidan iyayenta, da ɗan kasuwar hatsi irin na Tudun Hatsi a nan Gombe, duk suna jiran alƙalamin da zai mai da su taurari. Wannan aiki yana wuyan ɗalibanmu masu sha'awar rubutun zube.

Unguwar Madaki, Gombe