Rubutun Kano a Cikin Na'ura: Nazari a Kan Haruffan "Alkalami"

A shekarar 2017 ƙungiyar SIL International ta fitar da wani zubin haruffan kwamfuta, ta sa masa suna Alkalami. Becca Hirsbrunner Spalinger ce ta zana shi bisa koyi da rubutun Kano, watau hannun nan mai kauri wanda asalinsa ya ke komawa ga rubutun Magaribawa, wanda kuma marubuta irin su Sharif Bala na Gabari suka yaɗa ta littattafan da a ke ɗaukar hotonsu a buga.

Lalle aikin ya cancanci yabo. Kafin zuwansa, mai son buga ajami da na'ura galibi sai ya ari haruffan Gabas, inda fa ta ke da ɗigo a sama, ƙaf kuwa ɗigo biyu. Amma wanda ya tashi a kan allo da ruwayar Warshu, fa mai ɗigo a ƙasa ya sani, da ƙaf mai ɗigo ɗaya, da imala a ƙarƙashin harafi. Alkalami ya mayar masa da waɗannan, da kaurin da idonsa ya saba da shi.

Duk da haka akwai abubuwa biyu na dubawa. Na fari, ƙawar shafin marubuci ba a jikin harafi kaɗai ta ke ba. Yakan ja wannan harafi don layi ya cika, ya matse wancan, ya sa wasula da jar tawada, hamza da rawaya, sa'an nan ya yi zayyana a bakin izu da sumuni. Zubin haruffa ba ya kawo wannan hukunci, gama abin da aka zana sau ɗaya shi ya ke maimaitawa.

Na biyu ya fi nauyi. Rubutun Barno ya girmi na Kano, kuma kamanninsa dabam ne. Kadan ɗalibai suka saba da hannu ɗaya a kowane bugu, sai su ɗauka shi ke nan ajami, su kasa karanta tsofaffin takardu.

Saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su buga darussa da Alkalami, amma kada su fasa ajiye shafin hannu a gaban ɗalibi, na Kano da na Barno, tare da alƙalamin kara da tawada.