Gwanayen da Ba a Gayyata Walima

Idan yaro ko yarinya suka gama digiri a unguwannin Zango na Akra, kamar Nima, ko Mamobi, ko New Town, akan kafa rumfa a bakin layi, a jera kujeru, a yi walima. A gode wa Allah, a gode wa uwar da ta shekara huɗu tana tashi kafin asuba tana dama koko, da kawun da ke turo kuɗi daga Jamus, da malamin da ya riƙa yi wa yaron addu'a. Duk sun cancanci godiya. Sai dai akwai wasu da ba a taɓa ambata a irin wannan taro, alhali ba don su ba, takardar da ake ɗagawa ana ɗaukar hoto da ita ba za ta wuce kwali mai ado ba. Su ne magatakardan jami'a, da daraktan kuɗi, da ma'aikatan sashen kula da ingancin karatu, da akawunan da ke zaune a ƙarƙashinsu cikin tarin fayil.

Aikinsu yana da wuya ne saboda agogon gwamnati da agogon jami'a ba sa tafiya tare. Digiri shekara huɗu ne, wa'adin gwamnati a Gana ma shekara huɗu ne, amma ba rana ɗaya suke farawa ba, kasafin kuɗi kuma kowace shekara sabo ake yi. Ɗalibi ya shiga a ƙarƙashin wata doka, kafin ya fita an sauya minista, an sauya hukuma, an sauya hanyar biyan kuɗi. Gana ba tarayya ba ce, babu wata gwamnatin jiha da za a laɓe a bayanta. Magana duk daga Akra take fitowa: majalisar dokoki, ma'aikatar ilimi, ma'aikatar kuɗi, da hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu. Gwanintar mutanen nan ita ce su shanye girgizar a ofis, kada ta kai ga aji.

A fara da kuɗi, tunda shi ne uwa uba. A 1997 aka yi zaman Akosombo, inda aka amince gwamnati ta ɗauki kashi 70 cikin 100 na nauyin jami'o'i, sauran kashi 30 kuma su fito daga jami'o'in kansu, da masu ba da gudummawa, da ɗalibai. Daga nan kuɗin amfani da kayan karatu da na ɗakin kwana suka shigo, karatun kyauta zalla ya zama labari. A 2000 aka kafa asusun GETFund, aka ware masa kashi 2.5 daga harajin kayan masarufi, kuma da shi aka gina ɗakunan karatu masu yawa da ake gani yau a jami'o'in ƙasar. A 2017 sai majalisa ta yi dokar da ta sa wa irin waɗannan asusu iyaka, abin da ya haura iyakar ya koma babbar lalitar gwamnati. A kasafin 2025 kuma aka cire wa GETFund wannan takunkumi. Asusu ɗaya, dokoki uku, cikin shekara 25.

Daraktan kuɗin da ya san aikinsa ba ya ƙirga abin da aka rubuta masa a kasafi sai ya ji shi a hannu. Yana raba kuɗi gida-gida a ransa. Albashi na gwamnati ne, zai zo ko da ya makara. Kuɗin gini na GETFund ne, yana iya zuwa bana, yana iya kai baɗi. Abin da yake da iko da shi na haƙiƙa shi ne wanda jami'a ta tara da kanta: kuɗin ɗalibai masu biyan cikakken farashi, da na karatu daga nesa, da na ɗaliban ƙasashen waje, da tallafin bincike. Da wannan ake sayen man janareto, a gyara famfo, a biya malaman wucin gadi. Shi ya sa gwani ba ya tona harsashi biyar lokaci guda. Yakan yanka gini kashi-kashi, yadda ko kuɗi sun tsaya a tsakiya, ɓangaren da aka gama yana da rufi, ana iya zuba kujeru a ciki. Wanda bai iya ba, kangonsa ne ke ba da labarinsa, ƙarafa a tsaye suna tsatsa shekara da shekaru.

Ɗaukar malami ma ba a hannun jami'a kaɗai yake ba. Kafin a sa sabon malami a jerin masu albashin gwamnati, sai ma'aikatar kuɗi ta ba da izini a rubuce, kuma izinin ba ya zuwa sa'ad da ake so. To ga shi a watan Satumba na 2017 an fara karatun sakandare kyauta. Duk mai lissafi ya san cewa a 2020 ambaliyar ɗalibai za ta iso ƙofar jami'a, har da 'ya'yan Zango da dama waɗanda a da kuɗin sakandare ke tsayar da su a ƙaramar sakandare. Shekara uku ke nan aka bai wa masu tsara jadawali su nemo kujeru da malamai, ba tare da an sakar musu hannu ba. Aka faɗaɗa karatu daga nesa, aka ƙara azuzuwan yamma da na ƙarshen mako, aka jingina da wurare irin harabar Jami'ar Gana da ke Adabraka, wadda ga ɗan New Town tafiyar motar haya (trotro) ɗaya ce, ba sai ya nemi gado a babbar harabar jami'ar da ke Legon ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne rikicin kuɗin makaranta na ƙarshen 2022. A Gana jami'ar gwamnati ba ta ƙara kuɗin makaranta da kanta, sai da yardar majalisar dokoki. A shekarar ne kuɗin ƙasar, sidi, ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba. Majalisa ta ce ƙari kada ya wuce kashi 15. Da Jami'ar Gana ta fitar da sabon jadawalin kuɗi, ɗalibai suka yi lissafi suka ga ya zarce haka, aka yi ta hayaniya, har minista ya kira shugabanni zama. Jami'ar ba ta ce ta ƙi bin doka ba. Ta ɗauko tsohuwar takarda ne ta ajiye a tebur: akwai farashin da aka amince mata tun shekarar karatu ta 2019/2020, wanda ta jingine ba ta aiwatar ba, kuma a kan wancan farashi ta ɗora kashi 15 ɗin. Ni dai zuciyata tana wurin iyayen da suka biya, domin na san yadda ake haɗa irin wannan kuɗi da adashi. Amma dole in sara wa wanda ya adana takardar nan shekara uku, ya kuma san ranar da za a buƙace ta. Wannan ita ce sana'ar: kada ka yar da wasiƙar gwamnati ko da wanda ya sa mata hannu ya bar kujera.

Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga sun san irin wannan mutum. Madugu ne. Ba shi ya fi kowa dukiya a ayari ba, amma shi ya san sarkin da ake biya wa fito ba gardama, da wanda ake zama da shi a yi ciniki, da wanda in ya zarce gona da iri ake tara fatake a ce masa a'a. Rabe waɗannan uku shi ne duk ilimin.

Inda ba a ciniki shi ne tantance kwasa-kwasai. Kowane kwas na digiri yana da izini na wasu shekaru, in wa'adin ya cika sai a sabunta. A 2020 wata doka ta haɗe tsofaffin hukumomi biyu, mai tantancewa da mai ba da shawara kan manyan makarantu, suka zama GTEC. Ba a jima ba rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa kan shekarar 2021 ya fito da abin kunya: kwasa-kwasai 374 a Jami'ar Gana, da 299 a jami'ar KNUST ta Kumasi, ana koyar da su ba su da izini mai rai. Jami'o'in suka ce da yawansu tsofaffin kwasa-kwasai ne da ke layin sabuntawa. Ko ma mene ne, darasin ya shiga.

Ga wanda bai taɓa gani ba, aikin kamar wasa ne, amma ba wasa ba ne. Ma'aikacin sashen inganci yana riƙe da jadawalin kowane kwas da ranar mutuwar izininsa, ya fara bin shugaban sashe tun ana saura shekara guda. Sai an sake duba manhaja, a tattara takardun kowane malami, a nuna cewa yawan malamai ya dace da yawan ɗalibai, a lissafa littattafan laburare da kayan ɗakin gwaji, a biya kuɗin hukuma, sannan a karɓi tawagar masana da za su zo su gani da idonsu. Farfesoshi ba su son cika fom, kowa ya sani. Don haka rabin gwanintar lallashi ce: yadda ƙaramin ma'aikaci zai tsaya gaban babban shehin malami ya karɓo takarda a hannunsa ba tare da an ɓata ba. Kuma wannan ya shafi ɗan Zango fiye da kowa. Kwas ɗin da ba shi da izini yana iya hana ɗalibi rancen karatu, ya kawo masa cikas a bautar ƙasa da neman aikin gwamnati. Ɗan mai hali zai sake wani digirin a Ingila. Ɗan mai koko harbi ɗaya gare shi.

Inda aka ce a'a kuwa shi ne ƙudirin dokar jami'o'in gwamnati na 2020. Ƙudirin ya so ya bai wa shugaban ƙasa ikon naɗa mafi yawan 'yan majalisar gudanarwar kowace jami'a. Ƙungiyar malaman jami'a ta UTAG da manyan masana suka tashi tsaye. Ba su tsaya ga ihu ba, suka buɗe kundin tsarin mulki na 1992, wanda ya ambaci 'yancin ilimi cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa, ya kuma hana shugaban ƙasa zama uban kowace jami'a. Suka rubuta wa majalisa bayani sashe bayan sashe. Ƙudirin bai zama doka ba. A lura, mutanen da ke bin GTEC sau da ƙafa a kan tantancewa su ne suka turje a nan, kuma ba saɓani a ciki. Wanda takardunsa suke tsaf shi ke da bakin musu.

Mai karatu a Kano ko Zariya ba baƙo ba ne a wannan fage. Ya ga yadda aka kwashe kuɗin jami'o'in tarayya zuwa asusun bai-ɗaya a 2015, aka tura malamai cikin tsarin albashi na IPPIS, aka yi ta yajin aiki a kai, sannan a Disambar 2023 gwamnati ta ce ta cire su. Kiɗan ɗaya ne, makaɗan ne daban.

Jami'o'i masu zaman kansu a Gana kuwa nasu nauyin ya fi. Islamic University College, wadda gidauniyar Ahlul Bait ta Iran ta kafa a 2000 a yankin East Legon, kuma 'ya'yan Musulmi da dama suka yi karatu a cikinta, ta taso ne a tsarin da ƙaramar kwaleji ke zama ƙarƙashin babbar jami'a, ita ce ke duba jarrabawarta, ta kuma ba da digiri da sunanta. Dokar 2020 da ta kafa GTEC ta ba irin waɗannan kwalejoji shekara huɗu su cika sharuɗɗan samun takardar cin gashin kai daga hannun shugaban ƙasa. Sharuɗɗan kuwa kuɗi ne: gine-gine, malamai masu digirin digirgir, asusu mai tsabta. Kwalejin da ke rayuwa da kuɗin 'ya'yan talakawa, in ta ƙara farashi ɗalibai su gudu, in ba ta ƙara ba ta kasa cika sharaɗi. Magatakardan da ya ratsa wannan tsaka mai wuya bai rufe ƙofa ba, a jinjina masa.

Ba kullum sauyin gwamnati ke zuwa da duka ba, wani lokaci da kyauta yake zuwa, kuma kyautar ma aiki ce. A da, mai neman rancen karatu sai ya kawo mai tsaya masa, galibi ma'aikacin da ke zuba kuɗin fansho a SSNIT. A unguwar da yawancin mutane 'yan kasuwa ne, da teloli, da direbobi, da mahauta, samun irin wannan mutum ba ƙaramin abu ba ne. A 2022 aka soke sharaɗin, katin ɗan ƙasa ya wadatar. A watan Yuli na 2025 kuma shugaba John Mahama ya ƙaddamar da shirin ɗauke wa 'yan shekarar farko a manyan makarantun gwamnati kuɗin karatu, a garin Koforidua. A zagayen farko ɗalibi ya riga ya biya, sai a mayar masa bayan makarantarsa ta tabbatar cewa nata ne.

A nan ne ƙaramin akawu ke zama babban mutum. Yaro ɗaya, a takardar haihuwa Abubakar, a sakamakon jarrabawar sakandare Bukari, a katin ɗan ƙasa kuma an sa sunan kaka a gurbin na uba, ranar haihuwa ta bambanta da wata guda. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ba ne, sai ta tofar da shi. Akawun da ya ƙware yana hango wannan tun ranar rajista. Zai ce wa mahaifiyar: "Hajiya, kada ki bari sai an buɗe shafin neman kuɗin. Yaron ya je ya yi takardar rantsuwa yanzu, a buga gyaran a jaridar gwamnati, ya kawo mana kwafi mu daidaita sunan a wurinmu." Sannan ya ɗauki jerin sunayen ajin gaba ɗaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da biro, yana gwada harafi da harafi da abin da ke kan kati, kafin ya tura wa asusun rance.