Yadda Mai Tafsiri Ke Riƙe Taro

A watan azumi, da an idar da la'asar a masallatan Unguwar Kanawa da ke Kaduna, sai a shimfiɗa tabarmi, a ajiye tebur da kujeru biyu, yaro ya hura makirufo a ji ko lasifika na tashi. Waɗanda za su zauna rabonsu da ruwa tun sahur. Riƙe hankalin mai ƙishirwa na awa guda da magana zalla aiki ne mai ƙa'idoji, kuma yawancinsu ba a ganin su daga sahu.

Tun da dare aikin ke farawa, da muɗala'a, wato bitar karatu kafin a fito da shi. Malam zai buɗe littafin tafsirin Jalalaini, ya duba sababin saukar ayoyin, ya auna shafin da lokaci zai ɗauka, ya nemo kalmar Hausar da za ta ɗauki ma'ana ba tare da ta karkace ba. Wanda ya kwana hira ya fito da ƙarfin murya kaɗai, minti goma ya isa a gane shi: sai maimaici da kame-kame.

A zaune kuwa mutum biyu ne. Alaramma mai jan baƙi shi ke rera ayar da Larabci, ya tsaya a waƙafi, inda ma'ana ta cika. Wannan tsayawar ce numfashin malam. A cikinta yake gyara zama, ya dubi fuskoki, sannan ya ɗauko fassara gaɓa-gaɓa da murya ƙasa-ƙasa, don a miƙo kunne. Idan ya zo kan hukunci sai ya rage sauri, ya faɗa sau biyu. In ya hango hamma a sahun baya, ko matashi ya zaro waya, sai ya jawo misali daga kasuwar Kawo, kan mai awo da ya lotsa gindin mudunsa. A yi dariya, ya bari ta lafa, ya ce, "To, Alaramma," karatu ya ci gaba.

Kaduna ta san wannan salo tun zamanin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992. Tafsirinsa na Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, Rediyon Kaduna ya kai shi birni da ƙauye. Mai sauraron rediyo ba ya ganin hannu ko fuska, saboda haka dole jimla ta zama gajera, kalma ta fita sarai, hujja ta biyo bayan hujja. Ko a fagen siyasa, abin da ya sa ake ambaton marigayi Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, ke nan: sanin inda za a ɗaga murya, inda za a sa karin magana, da inda za a yi shiru.

Gaɓa mafi wuya ita ce rufewa. Magana zarar bunu ce, don haka gwani ba ya amsa tambayar da bai bincika ba. Sai ya ce a bari sai gobe. Yana lura da agogo, domin akwai masu sauran tafiya kafin buɗa-baki. Zai dunƙule darasin ranar a jimla biyu, ya ce Allah ne mafi sani, ya yi addu'a, ya tashi tun jama'a na son ƙari.