Gargaɗi a Rigar Goyon Baya: Sake Nazarin Jigon "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da sanya wannan waƙa a rukunin waƙoƙin siyasa, kuma babu jayayya a kan haka. Inda gizo yake saƙa shi ne yadda Malam Sa'adu Zungur, wanda aka sani da sukar mulkin En'e tun a Majalisar Taɗi ta Bauchi a 1943, kuma ya zama jigo a jam'iyyar NEPU, ya fifita mulukiya a kan jumhuriya. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa babu tufka da warwara a matsayin nasa, domin babban jigon waƙar gargaɗi ne ga sarakuna.

2.0 Yanayin da Ya Haifar da Waƙar

An tsara waƙar wajen 1950, lokacin da ake muhawara a kan sauya tsarin mulkin Richards. Kafin nan, mawaƙin ya riƙe muƙamin sakataren NCNC a Legas, inda ya ga yadda Kudu ta yi wa Arewa fintinkau a ilimin boko. A daidai wannan lokaci kuma Indiya, wadda ta sami 'yanci a 1947, ta haɗiye masarautunta, ta zama jumhuriya a 1950. Waɗannan abubuwa biyu su ne ginshiƙan hujjarsa.

3.0 Warwarar Jigo

Mulukiyar da mawaƙin ya zaɓa mai sharaɗi ce. Ma'aunin da ya ɗora sarakuna a kai ba nasu ba ne, na shugabannin jihadi ne, musamman Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya fayyace haƙƙin talakawa a kan mai mulki a cikin Diya'ul Hukkam. Ta wannan dabara, ya mayar da sukar sarauta biyayya ga tushenta: sarkin da ya ƙi adalci da shawara da yaɗa ilimi, shi ya saɓa wa gado, ba mai sukarsa ba. Ambaton Indiya kuwa hannunka-mai-sanda ne, wato gyara kayanka kafin a gyara maka.

Ta fuskar salo, amsa-amon "ya" ya ba shi damar jera kalmomin aro na Larabci irin su jumhuriya da mulukiya a ƙarshen baiti, inda kunne ya fi riƙewa. Da haka sababbin ra'ayoyin siyasa suka shiga Hausa ta bakin malamai.

Sai dai waƙar ba ta rasa rauni ba. Ta jingina wajabcin gyara da tsoron mamayar Kudu, har muryar talaka, wanda dominsa ake neman gyaran, ta kan dusashe a wasu baitoci.

4.0 Kammalawa

Malam Sa'adu ya rasu a 1958, bai ga ƙarshen al'amarin ba. Nijeriya ta zama jumhuriya a 1963, mulkin soja ya karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e. Sarauta ta tsira, amma iko ya kuɓuce mata. Saboda haka, ya kamata masu koyar da waƙar su karanta ta tare da "Waƙar Bidi'a", domin a duka biyun hujja guda ce: a auna al'ada da asalinta.