"A Yi Mata Fomat Kawai": Shawarar da Ya Kamata Ka Yi Wa Tambayoyi

Mai karatu, idan kana amfani da kwamfuta mai Windows, da wuya a ce ba a taɓa ba ka wannan shawara ba: "A yi mata fomat kawai, a sa sabon Windows." An fi jin ta bayan babbar sabuntawa, irin wadda kwamfutar ke shafe awa guda ko biyu tana kashe kanta tana kunnawa, tana gargaɗinka kada ka cire ta daga wuta. Tana gamawa sai ka tarar sauti ya ɗauke, ko firinta ta daina amsawa, ko ta koma tafiyar hawainiya. Ka kai wa mai gyara, ko ka tambaya a intanet, amsar ɗaya ce. Wasu masu bidiyon koyar da kwamfuta ma sun mayar da abin ƙa'ida: duk lokacin da aka yi babbar sabuntawa, a goge komai a ɗora daga farko, wai ta fi tsafta.

A ganina, a mafi yawan lokuta wannan shawara hanyar kauce wa bincike ce, kuma kai mai kwamfutar ne kake biyan kuɗin kaucewar.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin na'urar. Sabuntawar da Microsoft ke fitarwa ranar Talata ta biyu a kowane wata faci ce, ana toshe ɓaraka nan da can. Babbar sabuntawa kuwa, kamar tashi daga Windows 10 zuwa Windows 11, ko shiga zubin 24H2 da ya fito a Oktoban 2024, ita kanta sabon ɗori ce. Kwamfutar tana kwashe tsohuwar babbar manhaja ta tura ta cikin wata jaka mai suna Windows.old, ta kafa sabuwa a wurinta, sannan ta dawo maka da fayilolinka da manhajojinka da saitinka. Ka ga ke nan wanda ya ce a yi fomat washegari, cewa yake a maimaita aikin da aka gama jiya, sai dai wannan karon ba za a dawo maka da kayanka ba.

To me ya sa take nauyi? Domin aikin bai ƙare ba a lokacin da allo ya ce maka barka da zuwa. A kwana ɗaya ko biyun farko, Windows yana sake bin fayilolinka ɗaya bayan ɗaya yana rubuta jadawalinsu don nema ya yi sauƙi, yana sauko da ƙananan manhajojin da ke haɗa shi da sassan na'ura (su ake kira direba), manhajar tsaro kuma tana nata binciken. A kwamfutar da ke da ma'adanar SSD da ƙyar za ka lura. A wadda ke da tsohon faifai mai juyawa da RAM na gigabait 4, irin waɗanda suka cika hannun ɗalibai, sai ka rantse ta mutu. Ba ta mutu ba. Ka bar ta a jone da wuta na ƴan awoyi, in NEPA ta yarda, galibi nauyin zai ragu da kansa.

Na san za ka ce ai ka taɓa gani an yi fomat kuma kwamfuta ta warware. Gaskiya ne, kuma nan ne shawarar take samun ƙarfinta. Amma duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gwaje-gwaje ya san ba a canza abu goma lokaci guda sannan a ce an gano wanda ya yi tasiri. Fomat yana cire direbobi, ya cire manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, ya cire manhajar tsaro ta biyu da wani ya sa maka tana faɗa da ta farko, ya share saiti, duk a bugu ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ne mai laifin, wataƙila ma babu ko ɗaya, lokaci ne kawai ya yi aikinsa. Ba za ka taɓa sani ba, don an share shaidar. Kwamfutar da babu komai a kanta dole ta yi sauri. Bayan wata guda ka mayar da manhajojinka, har da mai laifin, ciwon ya dawo, ka koma shago.

Akwai ma inda fomat ba ya ko kusantar matsalar. Lokacin da 24H2 ya fito, wasu masu ma'adanar SSD ta kamfanin Western Digital, musamman samfurin SN770 da SN580, sun riƙa ganin shuɗin allon nan na mutuwa a kai a kai. Rikicin yana tsakanin sabon Windows ɗin da ƴar manhajar da ke cikin jikin ma'adanar kanta, kan yadda take aron wani ɓangare na RAM. Ka goge ka sake ɗora 24H2 sau goma, ma'adanar tana nan yadda take. Abin da ya warware shi sabuntawa ce da kamfanin ya fitar wa ma'adanar. Haka ranar 19 ga Yulin 2024, da wata sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori masu Windows kusan miliyan 8.5, filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya. Kwamfutocin ko tashi ba sa yi. Maganin? A shiga ta yanayin kariya a goge fayil guda ɗaya. Da irin shawararmu aka bi, da an share miliyoyin na'urori saboda fayil ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne jakar Windows.old ɗin nan. Ita ce hanyarka ta komawa baya. Muddin tana nan, za ka iya shiga saiti, ɓangaren Recovery, ka danna Go back, kwamfutar ta koma yadda take kafin sabuntawar, fayilolinka na nan. Fomat shi ne abin da ke fara kashe wannan dama. Kuma a nan Microsoft ma yana da nasa kason laifin, mai yawa. Da farkon fitowar Windows 10 a 2015 wa'adin komawar kwana 30 ne. A 2016 aka rage shi zuwa kwana 10. Kwana goma wataƙila ya ishi ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta kullum. Malamin makarantar da ke buɗe tasa sau biyu a mako, ko wanda unguwarsu ta yi sati babu wuta, kafin ya gane firinta ba ta aiki, Windows ya riga ya share jakar da kansa. Ana iya tsawaita wa'adin har kwana 60, amma sai da wani umarni da ake rubutawa a baƙin allo, wanda ba a nuna wa kowa. Wannan zaɓi ne da ya kamata a tambaye ka a fili tun kafin a fara sabuntawar.

Sai asarar da ba a lissafawa. Mai gyara mai kirki zai kwafe maka abin da ke kan allo da jakar takardu, wataƙila da hotuna. Kalmomin sirrin da burawuza ta adana fa? Taskar manazarta da ɗalibin digiri na biyu ya shekara yana tarawa a Zotero ko Mendeley fa, in bai haɗa ta da intanet ba? Lasisin manhajar lissafin bayanai da sashe ya sa masa? Waɗannan suna ɓoye a wuraren da ba a dubawa cikin gaggawa. A zamanin faifai mai juyawa ana iya tono fayilolin da aka goge, don bayanan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. A SSD labarin daban ne: babbar manhaja tana sanar da ma'adanar wuraren da aka saki, ita kuma ta share su da kanta don shirya wa rubutu na gaba. Abin da ya tafi, galibi ya tafi ke nan.

Wani sabon tarko ya ƙaru tun 24H2. Idan aka yi sabon ɗori aka shiga da asusun Microsoft, a kwamfutoci da yawa Windows yana kulle ma'adanar da tsarin ɓoye bayanai na BitLocker ba tare da wani dogon bayani ba, ya ajiye makullin, lamba 48, a cikin wannan asusun. Tsarin yana da amfani idan an sace maka kwamfuta. Amma ka tambayi kanka: da asusun wa aka shiga a shago? Idan na mai gyara ne, ko wani da aka buɗe a tsaye aka manta kalmar sirrinsa, ranar da kwamfutar ta nemi lambar nan, kundinka yana ciki amma makullin yana hannun wani.

Ga kuma batun lasisi. Tun zamanin Windows 8, a 2012, manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suke dasa lambar lasisin a jikin allon uwa na kwamfutar. Yawancin tokumbon da ake sayarwa suna zuwa da lasisinsu na halal a ciki. Idan aka ɗora Windows na asali, zubin da ya dace da lasisin, da kansa yake karantawa ya amince. Amma filashin da ke yawo a shaguna sau da yawa yana ɗauke da Windows da wani ya yi wa kwaskwarima, tare da manhajar fasa lasisi da ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba. Ka shiga da halal ka fito da na sata, kuma ka biya. Idan kuma tsohon zubi aka mayar maka, daɗa, kana jona intanet Windows zai fara janyo sabuntawar da ka gudu ɗin, da datarka. Fayil ɗin ɗora Windows 11 kaɗai ya haura gigabait 5.

Ban ce masu gyara mugaye ba ne. Lissafin kasuwa ne. Fomat aikin awa ɗaya ne da ake iya yi wa kwamfuta uku a jere ana hira. Gano direban da ya lalace yana iya cin wuni, kuma mai kwamfuta ba ya son biyan kuɗin bincike. In aka ce masa "ƴar manhajar sauti ce kawai na canza", sai ya ga kamar ba a yi aiki ba. Mu muka koya musu. Shi ma Microsoft ya ba mutane dalilin rashin yarda da sabuntawarsa: a Oktoban 2018 ya fitar da zubin 1809 na Windows 10, ya goge wa wasu mutane fayilolin jakar takardunsu, har sai da aka janye shi bayan ƴan kwanaki, ba a sake sakinsa ba sai tsakiyar Nuwamba. Kuma har yau in sabuntawa ta gaza, abin da za a nuna maka wata lamba ce irin 0x80070002, kamar da injiniya ake magana.

Akwai inda fomat shi ne daidai, ba na musu. Idan manhajar ɓarna ta shiga sosai, musamman mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, a goge. Idan ka sayi kwamfuta ta hannu, ni da kaina zan ce ka goge ta kafin ka sa kalmar sirrin bankinka, don ba ka san abin da na baya ya bari ba. Abin mamaki, nan ne kuma mutane ba sa yi.

Tsakanin haƙuri da fomat akwai matakai da yawa da ake tsallakewa. A sauko da direban sauti ko na allo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. A koma baya in wa'adi bai wuce ba. A Windows 11 na yanzu, a ɓangaren Recovery ɗin nan dai, akwai zaɓin da ke sake ɗora babbar manhajar ta hanyar Windows Update ya bar maka manhajoji da fayiloli da saiti yadda suke. Ko Reset this PC yana da zaɓin barin fayilolinka, ko da yake shi yana cire manhajoji. Idan kuwa nauyi ne matsalar tun asali, kuɗin fomat biyu ko uku gara ka tara su ka cika ka sa SSD.

Wannan magana ta ƙara zafi tun 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 bayan shekara goma. Windows 11 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da masarrafar Intel ƙarni na 8 zuwa sama, in ban da ƴan kaɗan, ko makamanciyarta ta AMD. Tarin kwamfutoci masu ƙarni na 6 da na 7, lafiyarsu ƙalau, an bar su a baya. Abin da ake yi musu a shago shi ne fomat da filashin da aka cire wa shingen binciken. Zai hau, zai yi aiki. Abin da ba a gaya maka shi ne Microsoft ya ce bai lamunce wa irin wannan na'ura sabuntawa ba, kuma babbar sabuntawar shekara galibi ba ta zuwa mata da kanta, sai an sake dabara. Akwai shirin ƙarin tsaro na Windows 10 da aka ba masu kwamfutar gida har 13 ga Oktoban 2026, akwai kuma Linux Mint ko Ubuntu ga wanda aikinsa rubutu ne da intanet. Ko wanne za ka zaɓa, a gaya maka gaskiyar abin da aka ɗora maka.

In kwamfutarka ta fara rikici bayan sabuntawa, kafin ka sa ta a jaka, buɗe saiti, ka shiga System, ka gangara About. Za ka ga ranar da aka ɗora zubin da kake kai. Ƙirga kwanakin. In ba su kai goma ba, kada ka bar kowa ya taɓa jakar Windows.old, har da manhajar share shara da ke ce maka za ta samar maka da fili.