Garin Neman Gira: Tsohon Takobi da Masu Yi Masa Kuɗi

Bayan Sallar da ta wuce mun kai gaisuwa wani tsohon gida a cikin birnin Haɗeja. Da hira ta yi daɗi a zaure, sai maigidan, dattijo mai yawan fara'a, ya sa jikansa ya ɗauko mana takobin gidan. Mun taɓa ganin takobin nan shekarun baya. A lokacin baƙi ne wuluk, kubensa ya dafe saboda gumin hannu da daɗewa, hamilarsa ta koɗe, amma zanen badukun da ya ɗinka shi yana nan raɗau. Wannan karon da yaron ya shigo da shi, sai muka ga abu yana walƙiya kamar sabuwar tasa. An yi masa kube da irin ledar da ake yi wa kujera riga, ja jawur, an buga masa ƙusoshi masu ruwan zinari.

Muka ce, "Baba, ina tsohon kuben?"

Ya ce, "Ai ya ruɓe, 'ya'yana. Tun ruwan 2022 da ya shigo mana ɗaki bai sake moruwa ba, yara suka zubar. Shi kuma ƙarfen na aika wa mai injin wasa wuƙa ya fitar masa da tsatsa. Ba ku ga ya koma sabo ba?"

Ya koma sabo kam. Alamar jinjirin wata guda biyu da ke kusa da ƙotar, wadda da muke gani ƙarara, yanzu sai an karkata shi ga haske ake hango inuwarta. Ba mu iya ce wa dattijon komai ba, domin ƙaunar takobin ce ta sa shi yin haka. Amma tun daga ranar abin yake cin mu, shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan yadda muke auna darajar tsohon takobi, mu da baƙin da suke saye daga hannunmu.

A Haɗeja maganar takobi ba ƙarama ba ce. Garin Sarki Buhari ɗan Sambo ne, wanda ya ƙi bin umarnin Sakkwato, ya yi shekaru yana gwabzawa da maƙwabta har ya faɗi a yaƙin Bade a 1863. Garin Sarki Muhammadu ne, wanda a watan Afrilun 1906, ba a daɗe da gama yaƙin Satiru ba, ya tari rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Lowry Cole. Mahaya da takubba da masu suka fuskanci bindiga mai aman wuta, aka yi ta fafatawa cikin lungunan gari, Sarki ya rasu tare da jarumansa da dama, har yau ana kiransa Mai Shahada. Saboda haka gidan da ya ce yana da takobin kakansa a garin nan, abu ne mai yiwuwa ƙarfen ya halarci ɗaya daga cikin ranakun nan.

To mene ne takobin Bahaushe in an kwance shi? Miƙaƙƙen ruwa ne mai kaifi biyu, galibi da layuka uku da aka ƙwaƙule a tsakiyarsa daga wajen ƙota, bakinsa kuma ba shi da tsini sosai domin na sara ne. Sai faffaɗan makari da ke gicciye tsakanin ruwa da hannu, wanda ake rufewa da fata ko tagulla. Sai ƙota da kanta, sai kube, sai hamila da ake ratayawa a kafaɗa. Hannu uku ko huɗu ne suke haɗuwa a kan abu ɗaya: maƙerin baƙi, maƙerin fari, majemi, da baduku.

Ruwan kuwa sau da yawa baƙo ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ake shigowa da shi a shekara, mafi yawa daga garin Solingen na Jamus, ta hanyar Sahara. Tsirara suke zuwa. A nan ake yi musu ƙota da kube, sannan fatake su bazu da su. Wasu suna ɗauke da tambarin maƙeran Turai, kamar kyarkeci mai gudu ko jinjirin wata mai fuska. Da mutane suka ɗauki tambarin a matsayin shaidar nagarta, sai maƙeranmu su ma suka riƙa buga shi a kan nasu ƙarfen.

A nan ne muke da ja da mai saye na waje. Duk wanda ya leƙa yadda masu tara makamai a Turai da Amurka suke tattauna takubbanmu, zai ga tambayarsu ta farko ɗaya ce: ruwan na Turai ne ko na gida? In na Solingen ne, kuɗi ya tashi. In maƙerin Kano ko na Agadas ne ya ƙera, sai a yi masa kallon kwaikwayo. Hatta rubuce-rubucen masana sun fi karkata can. Maƙalar Lloyd Cabot Briggs ta 1965, wadda har yau ake kafa hujja da ita, a kan ruwan Turai da ke cikin takubban Abzinawa take. Littafin A. D. H. Bivar, Nigerian Panoply, wanda Hukumar Kayan Tarihi ta buga a 1964, ya yi mana babban aiki, ya duba kayan yaƙin fadoji har da Gajere na Katsina, amma shi ma ƙarfinsa yana wajen gano inda ƙarfe da sulke suka fito. Wannan awo yana da amfani wajen sanin shekaru da hanyoyin fatauci. Aibinsa shi ne yana neman Bature a cikin kayan Bahaushe, in ya same shi sai ya tsaya. Ruwan da aka buga dubu hamsin irinsa a shekara, shi ne abin da ya fi kowane sashe yawa a takobin. Abin da babu irinsa shi ne aikin badukun da ya rina fatar akuya da karan dafi, ya yi mata zane da hannunsa, da maƙerin farin da ya lanƙwasa tagulla ya yi wa makari ado irin na garinsu. Sa hannunmu yana kan kube da ƙota.

Mu kuma namu awon labari ne. Takobi yana da daraja a wurinmu in an ce ya sha jini, ko an ce na wane ne, ko an ce ba a zare shi a banza. Ba mu raina wannan ba, domin labarin ne ya hana a sayar da takubba da yawa a kilo ga 'yan gwangwan. Amma labari ba ya ruɓewa in an canza kube, ba ya gogewa in an sa inji. Shi ya sa mai labari ba ya jin ya yi asara in ya jefar da tsohuwar fata. Ga shi kuwa labarin ba shi da mai tsaya masa sai abin da ke jikin takobin. Ranar da dattijon nan ya kwanta dama, jikansa zai riƙe ƙarfe mai ƙyalli a cikin leda, ya ce na yaƙin Turawa ne, mai sauraro ya yi murmushi kawai. An share shaidun da hannun masu ƙara.

Wata al'umma ta taɓa tsayawa a irin wannan mararraba. A 1876 gwamnatin Japan ta hana samurai yawo da takobi, sana'ar maƙera ta durƙushe. Bayan 1945 sojojin mamaya suka sa a tattara makamai, takubba masu yawa suka salwanta, wasu aka tafi da su Amurka. Har shahararren takobin nan Honjo Masamune, wanda aka miƙa wa 'yan sanda a Tokiyo a ƙarshen shekarar, ba a sake ganinsa ba. A 1948 masana da masu sha'awa suka kafa ƙungiyar adana takubba da ake kira NBTHK, wadda har yau take zaman tantancewa, tana ba da takardar shaida mataki huɗu, daga wanda ya cancanci adanawa zuwa mafi muhimmanci.

Abubuwa uku ne suka ja hankalinmu a tsarinsu. Na farko, jelar ruwan da ke shiga cikin ƙota, wadda suke kira nakago, ba a taɓa goge ta. Launin tsatsarta da sawun magagari da sunan maƙeri in akwai, su ne takardar haihuwar takobin, kuma wanda ya kankare ta ya zubar da darajarsa. Na biyu, wasa ruwan sana'a ce mai zaman kanta da ake shafe kimanin shekara goma ana koyo, da duwatsu iri-iri, da hannu, domin sun san kowace guga tana cin ƙarfen da ba zai dawo ba. Na uku, kuma shi ya fi shafarmu, kayan jikin takobi fanni ne daban. Makarin hannu da suke kira tsuba yana da nasa maƙeran, da nasa gidajen sana'a, da masu tara shi kaɗai, ana kuma ba shi tasa takardar. In sun ajiye ruwan a cikin farin kuben katako don ya huta, tsofaffin kayansa ba sa zuwa juji. Sassaƙa ruwan katako suke yi su haɗa su a kai, su adana.

Ba cewa muke a kwaso tsarin Japanawa a jibge a Haɗeja ba. Shi ma yana da nasa ciwon. Inda takarda ta zama ita ce kuɗi, dole a sami sa hannun jabu, kuma sun daɗe suna fama da shi. Sannan takobinsu ya koma cikin gilashi, namu kuwa yana raye. Yana fita hawan Sallah, yana rataye a kafaɗar hakimi da dogari, ana kai jafi da shi. Abin da ake amfani da shi dole ya tsufa, dole a sabunta masa kube, kuma kakanninmu ma haka suka yi. Bambancin shi ne da can baduku ne yake maye gurbin aikin baduku. Yau leda ce take maye gurbin fata, injin wasa yake maye gurbin dutse.

Ƙasarmu ma ba ta taya mu. Wanda ya san Auyo da Guri da Kirikasamma da Kafin Hausa ya san yadda damina take a bakin kogin nan. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya tana dawowa, ginin ƙasa yana jiƙa ya zube, laima tana shiga adaka, gara tana bin fata. Kuben da zai shekara ɗari biyu lafiya a Agadas, a nan damina uku marasa kyau sun ishe shi. In akwai inda ya kamata a yi hanzari, fadamar Haɗeja ce.

Marubutanmu ma suna da kaso a laifin. Tun daga Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara a 1934 har zuwa littattafan yaƙi da matasa suke karantawa a waya, takobi bai taɓa barin hannun jarumin Hausa ba. Amma da wuya ka ga an tsaya an kalle shi. Ana zare shi, yana walƙiya, yana fille kawuna, in an ƙara sai a ce na tsafi ne. Wa ya ƙera shi, wa ya ɗinka kubensa, nawa aka saye shi, yaya nauyinsa a hannun yaron da ya gaje shi, duk shiru. Mai karatun da bai taɓa cin karo da ƙota da makari da hamila a shafi ba, ba zai san akwai abin da ake asara ba in ya gan su a bola. Labari ɗaya mai kyau a kan badukun da aka kawo wa kuben mamaci ya gyara zai iya yin aikin da lacca goma ba za ta yi ba.

Abin da muke roƙo ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Mai tsohon takobi kada ya kai shi inji. Tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki sun isa su tsayar da jar tsatsa, baƙar kuwa a ƙyale ta. In za a yi sabon kube don hawa, a kai wa baduku, tsohon kuma a naɗe shi a ajiye ko da ya zama tsumma. A rataye takobi sama, nesa da bango mai laima. A ɗauki hotonsa da waya, gaba da baya, da kowane tambari, sannan a kunna rikoda a gaban tsohon da ya san labarinsa, a tambaye shi daga wa ya gada, shi kuma daga wa. In dillali ya zo da tayi, a tuna cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Masarauta kuwa, da take da Sarkin Maƙera da manyan dukawa a hannunta, tana iya buɗe littafi guda da za a riƙa rubuta takubban gidajen gari, da hotonsu da silsilarsu, ba tare da an raba kowa da gadonsa ba.

Kafin mu bar zauren nan, jikan ya raka mu ƙofa. Ya ce yana jin akwai guntun tsohuwar hamilar a ɗakin kakarsa, tana ɗaure bakin wata jaka da shi. Muka roƙe shi ya karɓo, ya ba ta igiya a madadinsa, ya ajiye shi tare da takobin. Ya yi dariya, ya ce guntun fata ne fa. Muka ce mun sani, shi kaɗai ya rage.